Gani Bai Kori Ji Ba: Hotunan Fursunonin Jamus Da Labaran Da Ake Liƙa Musu

Wani tsohon hoto ya daɗe yana yawo a shafukan sada zumunta, kwanan nan kuma na gan shi da bayani cikin Hausa. Saurayi ne mai kama da mutanen gabashin Asiya, sanye da kakin sojan Jamus, ya yi jugum, wani sojan Amurka yana rubuta bayanansa. A ƙasan hoton an rattaba labari mai daɗin ji. Wai ɗan Koriya ne, sunansa Yang Kyoungjong. Japan ta tilasta masa shiga soja, Rashawa suka kama shi suka sa masa kakinsu, Jamusawa suka kama shi suka sa masa nasu, daga ƙarshe Amurkawa suka damƙe shi a Normandi a 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Jama'a sai "ikon Allah" suke ta zubawa, kowa na turawa gaba.

Hoton na gaske ne. An ɗauke shi a gaɓar tekun Normandi ta Faransa a watan Yunin 1944, yana kuma ajiye a ma'ajiyar tarihi ta Amurka. Amma bayanin farko da aka rubuta masa babu suna a ciki, ɗan Japan ma aka kira saurayin. A 2005 gidan talabijin na SBS da ke Koriya ta Kudu ya bi diddigin labarin, bai samu wata gamsasshiyar hujja cewa an taɓa yin mutum mai wannan suna da wannan tarihi ba. Ganin irin wannan fuska cikin kakin Jamus kuwa ba abin mamaki ba ne. Jamusawa sun ɗebi dubban fursunonin Tarayyar Sobiyet, cikinsu har da mutanen tsakiyar Asiya, sun kafa bataliyoyi da su, wasu kuma an kai su gadin gaɓar tekun Faransa.

Abin ya ɓata mini rai, domin an ɗauki fuskar bawan Allah a ranar da ya fi kowace rana rauni, an ba shi sunan da babu tabbacin nasa ne, an mayar da shi abin nishaɗi.

Ra'ayina a nan shi ne, duk wanda zai yaɗa hoton fursunan yaƙi, haƙƙi ne a kansa ya nemi asalinsa: wa ya ɗauka, a ina, yaushe, don me. In bai samu ba, ya ajiye labarin da aka liƙa wa hoton. Wannan haƙƙi bai faɗi ba don kawai wanda ke cikin hoton sojan Hitler ne.

Wa ya riƙe kyamarar?

Muna cewa gani ya kori ji. A kan hoton yaƙi karin maganar nan tana da iyaka, domin abin da kake gani, wani ne ya zaɓa maka shi.

Fursuna ba ya ɗaukar kansa hoto. Wanda ya kama shi ne yake ɗauka, kuma mafi yawan masu ɗaukar hoto a fagen daga ma'aikatan soja ne. Ingila tana da rukunin soja na musamman masu ɗaukar fim da hoto. Amurka tana da nata a sashen sadarwa na rundunarta. Jamus tana da kamfanonin farfaganda da ke bin mayaƙa. Kowane hoto sai ya bi ta hannun masu tacewa kafin ya isa jarida. Hoton fursuna kuwa shi ne mafi arhar hujjar nasara: ka tara mutane cikin tsumma, hannu a sama, ka nuna wa mutanen gida cewa abokin gaba ya karye.

A ranar 17 ga Yulin 1944 Tarayyar Sobiyet ta zagaya da fursunonin Jamus kusan 57,000 a titunan Mosko, waɗanda aka kama a farmakin da ya rusa rundunar Jamus a Belarus. Bayan sun wuce aka biyo da motocin ruwa suna wanke titi. An shirya komai ne don idon jama'a da idon kyamara. Mutanen da ke cikin hotunan fursunoni ne na gaske, an kuma kama su da gaske. Sai dai wanda ya kalli hoton bai san taro ne da aka tsara ba, rabin labarin kawai ya samu.

Su kansu masu ajiyar hotunan sun san da haka. A ƙarshen 2008 Ma'ajiyar Tarihi ta Tarayyar Jamus ta saki hotuna sama da 80,000 a Wikimedia Commons, rumbun hotuna na kyauta a intanet, don kowa ya amfana. A jikin da yawa daga cikinsu ta ɗora gargaɗi cewa ta bar tsohon bayanin hoton ne don tarihi, kuma yana iya zama kuskure, ko son kai, ko tsattsauran ra'ayin siyasa. Idan mai kaya da kansa ya ce a yi hattara, ina dalilin wanda ya tsinci hoton a waya da zai rantse a kansa?

"Ai 'yan Nazi ne, me ya dame ka?"

Wannan ita ce magana ta farko da ake jefo mini, kuma ban raina ta ba. Rundunar Jamus ta aikata ta'asa wadda baki ba zai iya faɗa ba. Daga cikin sojojin Sobiyet sama da miliyan biyar da Jamus ta kama, kimanin miliyan uku sun mutu a hannunta saboda yunwa da sanyi da harbi. Mai cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka yana da abin kamawa.

Amma duk wanda yake son a tuna da laifin Jamus, shi ya fi kowa buƙatar a gyara bayanin hoto. Ga abin da ya faru a Jamus ɗin kanta.

A 1995 wata cibiyar bincike a Hamburg ta buɗe baje kolin hotuna a kan laifukan rundunar Jamus a yaƙin da ta yi a gabashin Turai. Kafin lokacin, Jamusawa da yawa sun riƙe cewa dakarun SS, wato rundunar musamman ta jam'iyyar Nazi, su ne kaɗai suka yi kisan gilla, sojan gama-gari hannunsa tsarkakakke ne. Baje kolin ya zagaya garuruwa, dubun dubatar mutane suka je kallo, gardama ta kaure har a majalisa. Sai a 1999 wasu masana tarihi, cikinsu akwai Bogdan Musiał na Poland da Krisztián Ungváry na Hungary, suka nuna cewa wasu hotunan an yi musu bayani ba daidai ba. Gawarwakin da ke cikin wasu, 'yan sandan sirrin Sobiyet ne suka kashe su a 1941 kafin Jamusawa su iso. Dole aka dakatar da baje kolin a watan Nuwamban shekarar. Kwamitin masana da aka naɗa ya duba, ya gano cewa cikin hotuna 1,433, waɗanda ba su dace da wurin ba ba su kai ashirin ba, kuma ainihin abin da baje kolin ke faɗa gaskiya ne. An sake buɗe shi a 2001 da sabon tsari.

Hotunan da ba su kai ashirin ba sun isa su tsayar da aiki na gaskiya, sun kuma ba masu musun tarihi abin yayatawa na shekaru. Duk ƙaryar da ka ƙara a kan mai laifi, makami ka miƙa wa masu kare shi.

Akwai kuma batun mutunci. Yarjejeniyar Geneva ta 1929 ta ce a kare fursunan yaƙi daga duka da zagi da mayar da shi abin kallon jama'a, ta 1949 ta maimaita haka a sashe na 13. Ba ta ware fursunan kirki da na banza ba. Mu da muka tashi muna karanta ayar da ta yabi masu ciyar da miskini da maraya da kamamme bai kamata wannan ya zama baƙon abu gare mu ba. Wanda ya yi laifi, kotu ce wurinsa, an kuma yi shari'o'i a Nuremberg da wasu wurare. Fuskar da ke cikin hoto ba ta gaya maka ko mai ita ya ƙona ƙauye ko direban motar abinci ne.

Tausayi ma yana ɓatar da mutum

Akwai masu kishiyar wannan matsala, kuma su sun fi ba ni tsoro. Su ne masu ɗauko hoton sojan Jamus yana kuka, su sa masa kiɗa mai sosa rai, su ce ga waɗanda duniya ta zalunta. Daga nan sai a zarce zuwa yabon Hitler, abin da nake gani jefi-jefi har a tsakanin matasanmu.

Sanannen hoton da ake amfani da shi shi ne na Hans-Georg Henke, yaro ɗan shekara 16 cikin babbar rigar soja, yana sharɓar kuka a 1945. Bayan yaƙi Henke ya zauna a Jamus ta Gabas, ya kuma riƙa faɗa cewa an ɗauki hoton ne a fagen gabas, inda Rashawa suka murƙushe rukuninsu. Amma mai ɗaukar hoton, John Florea, Ba'amurke ne da ke bin rundunar Amurka. Da aka gwada gidajen da suka fito a sauran hotunan da ya ɗauka a lokacin, sai aka dace da wani ƙauye a jihar Hesse, can yammacin Jamus. Ka ga ko mai hoton da kansa ba a karɓar maganarsa ido rufe. Mutum yana mantuwa, ƙasar da yake zaune a ciki kuma tana da labarin da ta fi son ji.

Kukan yaron gaskiya ne, kuma yana da ban tausayi. Tambayar da ya kamata ya tayar ita ce: wace irin gwamnati ce take tura 'yan shekara 16 bakin bindiga bayan ta san an riga an ci ta da yaƙi?

Wahalar fursunonin Jamus ma gaskiya ce, ba na ɓoye ta. A Stalingrad, birnin Sobiyet da ke bakin kogin Volga, an kama kusan 91,000 a farkon 1943, yawancinsu yunwa da cuta sun riga sun cinye su, waɗanda suka koma gida ba su wuce 6,000 ba. Rukunin ƙarshe na fursunonin da ke hannun Sobiyet, kimanin 10,000, sai bayan ziyarar shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma Konrad Adenauer zuwa Mosko a 1955 aka sako su. A faɗi wannan, a kuma faɗi abin da ya kai su bakin kogin Volga tun farko. Wanda ya ɗauko rabi ya bar rabi, ko wane rabin ya ɗauko, bai yi wa tarihi adalci ba.

"Bincike aikin farfesoshi ne"

Wannan uzuri ya tsufa. Ɗalibin hadisi ba ya karɓar magana sai ya tambayi isnadinta, daga wa zuwa wa har a kai tushe. Hoto ma yana da isnadi, kuma na hotunan yaƙin duniya a rubuce yake.

Hoton da ya fito daga ma'ajiya ta gaskiya yana da lamba. Na Jamus za ka ga an rubuta Bundesarchiv da jerin lambobi a gefe. Na Gidan Tarihin Yaƙi da ke Landan suna da harafi da lamba. Na rundunar Amurka yawanci suna ɗauke da harufan SC. Da wannan lamba, mai waya da ɗan data zai iya shiga kundin ma'ajiyar ya karanta bayanin farko, sau da yawa har da sunan mai ɗauka da rana da wuri. In babu lamba, akwai manhajojin da ake saka musu hoto su nemo inda ya fara fitowa. Hoton da aka yanke gefensa, aka goge lambarsa, aka manna sunan wani shafi a tsakiya, wannan kansa alama ce.

Daga nan sai a sa ido. Ganyen bishiya ko ƙanƙara suna faɗin lokaci. Hular wanda ke gadi tana faɗin wace runduna ce ta yi kamun. Allon kanti yana faɗin ƙasa. Alamar da ke wuyan riga tana bambanta sojan ƙasa da na sama da ɗan SS, bambancin da masu rubuta bayani a intanet ba sa damuwa da shi, kowa a wurinsu SS ne.

Irin wannan duba na tsanaki yana sauya tarihi, ga misali da ya shafi Afirka. A watan Yunin 1940, a Chasselay kusa da Lyon, sojojin Jamus sun kama sojojin Faransa, suka ware baƙaƙen fata daga Turawa, suka kai su wani fili suka buɗe musu wuta da bindigogin tankoki. Waɗannan su ne ake kira tirayo na Senegal, alhali daga duk yankin Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka ake ɗebo su, har da Nijar. Shekara da shekaru ana ɗora kisan a kan wata rundunar SS. A 2019 wasu hotuna takwas da wani sojan Jamus ya ɗauka a ranar suka ɓulla daga kundin hotunansa. Da aka nazarci tankokin da ke ciki, sai ta bayyana na runduna ta 10 ta tankokin sojan Jamus ne, wato sojan gama-gari da aka daɗe ana wankewa.

Wani abin da ke taɓa zuciyata shi ne yadda Jamusawa da kansu suka yi amfani da hoto wajen neman 'yan'uwansu. A ƙarshen shekarun 1950 sashen neman ɓatattu na Red Cross ta Jamus ya tattara hotunan sojojin da suka ɓace daga hannun iyalansu, ya buga su cikin manyan kundaye kusan ɗari biyu, aka riƙa nuna wa waɗanda suka dawo daga sansanonin fursuna ko za su gane wani. Har yau akwai jikoki da ke rubuta wa wannan sashe da ma'ajiyar tarayya suna tambayar inda kakansu ya ƙare. Ka ɗora wa wata fuska sunan ƙarya ya bazu, wata rana wani daga cikin waɗannan zai ci karo da shi.

Launi da ƙirƙirarriyar basira

Wasu na cewa sa wa tsohon hoto launi yana jawo matasa su so tarihi. Na yarda yana jawo su. Amma launin hasashe ne, na'ura ba ta san kalar rigar ba, cankar ta take yi. Mafi muni shi ne manhajojin gyara fuska, waɗanda ke cike inda hoto ya dushe da ido da haƙoran da ba na mutumin ba. Yanzu kuma an kai ga ƙera hoton yaƙi gaba ɗaya daga babu. Sharaɗina ɗaya ne: wanda ya taɓa hoto ya faɗa, ya kuma ajiye na asalin a gefe.

Me ya haɗa mu da sojan Jamus?

Mai tambayar nan yana zaton Turai ce kaɗai Jamus ta yi yaƙi. A Yaƙin Duniya na Biyu, gaskiya ne, sojojin Najeriya da Italiyawa suka gwabza a gabashin Afirka, sannan da Japanawa a ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau. Amma a Yaƙin Duniya na Ɗaya, Jamus maƙwabciyarmu ce. Kamaru a hannunta take.

Tun watan Agustan 1914 Rundunar Najeriya ta tsallaka daga Yola ta nufi Garwa, wata kuma daga Maiduguri ta nufi Mora. Harin farko a Garwa bai yi nasara ba, sai a watan Yunin 1915 garin ya faɗi. Banyo ta biyo baya a Nuwamba. A kan dutsen Mora kuwa Kyaftin Ernst von Raben ya ƙi miƙa wuya har sai 18 ga Fabrairun 1916, bayan sauran dakarun Jamus sun tsere zuwa yankin da Sifaniya ke mulka a kudu.

Su waye "sojojin Jamus" da aka kama a waɗannan wurare? Turawa tsiraru ne a cikinsu, hafsoshi da ƙananan hafsoshi. Galibin masu riƙe da bindiga 'yan Afirka ne, kuma waɗanda suka kama su ma 'yan Afirka ne, da yawansu Hausawa da sauran mutanen Arewa, da Hausa ake ba su umarni.

Ɗaya daga cikin waɗanda aka kama a Garwa shi ne Chari Maigumeri, mutumin Borno, wanda ya fara aikin soja a ƙarƙashin Jamusawa. Bayan an kama shi ya shiga rundunar Ingila ta Afirka ta Yamma, ya kai muƙamin sajan manjo na bataliya, ya yi yaƙi a gabashin Afirka da Bama, ya yi ritaya a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa. Barikin soja da ke Lokoja sunansa yake ɗauke da shi. Labarin mutumin da ya sa kakin dauloli biyu masu gaba da juna muna da shi a gida, da hujjarsa, muka bar shi muna yaɗa na ɗan Koriyan da ba a tabbatar ba.

Maigumeri an san shi ne saboda ya yi fice daga baya. Ɗaruruwan da aka kama tare da shi fa? A hotunan zamanin mulkin mallaka, abin da aka saba shi ne a rubuta sunan Bature da muƙaminsa, sauran a ce "sojoji 'yan ƙasa" a wuce. Gidan Tarihin Yaƙi na Landan yana da hotunan yaƙin Kamaru. Ɗakin karatu na Jami'ar Frankfurt yana riƙe da dubban hotunan tsohuwar ƙungiyar mulkin mallaka ta Jamus, an kuma sa su a intanet. Baturen da ke kula da su ba zai gane tsagar fuska ba, ba zai bambanta naɗin rawanin Borno da na Adamawa ba, ba zai san wane dutse ne a bayan hoto ba. Ɗan Mubi ko Gwoza ko Marwa zai iya.

Don haka nake kira ga sassan tarihi na Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Modibbo Adama ta Yola da Gidan Arewa na Kaduna, su ba ɗalibai wannan aiki. A sauko da hotunan da lambobinsu, a gwada su da takardun da ke Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, a buga su a takarda a kai wa dattawan Garwa da Mora da Banyo da Yola, a zauna a naɗi abin da suka ji daga iyayensu. 'Ya'yan waɗancan sojoji kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, jikokinsu ma yanzu tsofaffi ne.